Yadda Uba Zai Gane Yaren Cacar Ƙwallo a Bakin Ɗansa

A kakar bara, bayan an gama sussukar gero, wani dattijo maƙwabcina ya same ni a ƙofar gida bayan sallar la'asar, yana riƙe da wata siririyar takarda da uwargidansa ta tsinta a aljihun ɗansu lokacin da za ta yi wanki. Ya ɗauka rasit ne irin na masu POS, domin kwana biyu kafin nan ya aiki yaron ya tura kuɗin riɗi. Ya ce da ni, "Malam, duba mini wannan, ko kuɗin sun tafi daidai." Da na karɓa sai na ga sunayen ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a jere har layi goma sha huɗu, kowane layi da haruffa da lambobi a gefensa, a can ƙasa kuma an rubuta naira 300 da wani adadi mai yawa da ake kwaɗaita wa yaron. Tikitin caca ne, kuma dattijon ya shafe watanni yana jin ɗansa da abokansa suna hirar wannan harka a zaurensa ba tare da ya san abin da ake faɗa ba.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare ta karkara a ƙasar Ringim, kuma abin da na lura da shi shi ne cacar wannan zamani ta shigo mana ne bayan ta tuɓe sunanta. Saurayin da zai ji kunyar a gan shi a tabarmar 'yan karta a bayan kasuwa, shi ne zai zauna a gaban mahaifinsa yana cewa ya "buga gem", ko "od ɗin yau ya yi kyau", ko "tikitinsa ya yanke", kuma ko a zuciyarsa bai kira abin da yake yi caca ba. Saboda haka uba ko wa ko malamin da yake son ya taimaki yaro, dole ne ya fara da koyon kalmomin, sannan ya koyi lissafin da ke ɓoye a ƙarƙashin kowace kalma. Ban rubuta wannan don wani ya ƙware a caca ba. Allah Ya ambaci caca tare da giya a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, Ya ce zunubinsu ya fi amfaninsu girma, sannan a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida Ya umarce mu da nisantarsu, Ya bayyana cewa da su Shaiɗan yake jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, yana kange su daga ambaton Allah da salla. Hukuncin a bayyane yake, abin da ya ɓuya mana shi ne sabuwar rigar da ta sako.

Ka fara da kasa kunne, kada ka fara da binciken waya. Akwai bambanci tsakanin hirar mai son ƙwallo da hirar mai cacar ƙwallo, kuma wanda ya saurara da kyau zai ji shi. Mai son ƙwallo damuwarsa wa ya yi nasara, kuma idan ƙungiyarsa ta ci, da murna zai dawo daga gidan kallo. Mai caca kuwa za ka ga ƙungiyar da yake goyon baya tun yana yaro ta ci ɗaya da nema, amma ya dawo rai a ɓace yana cewa da ma an ƙara ƙwallo biyu. Za ka ji yana tambayar bugun kusurwa nawa aka yi, ko katin gargaɗi nawa alƙalin wasa ya bayar, ko yana bibiyar sakamakon wata ƙaramar gasa ta wata ƙasa da bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya a cikinta ba. Idan yaron da bai taɓa wuce Kano ba ya hana kansa barci saboda wasan rukuni na biyu na wata ƙasar Turai, to ruwa ba ya tsami banza.

Kalmomi uku ne ginshiƙin kowane tikiti. "Sitek" shi ne kuɗin da mutum ya zuba. "Od" ita ce lambar da kamfani ya rubuta a gaban kowane zaɓi, wadda ake ninka sitek da ita a samu abin da za a biya idan hasashen ya tabbata. Idan an zuba naira 1,000 a kan od 1.50, abin da zai dawo shi ne naira 1,500, kuma a cikinsu 1,000 da ma kuɗinsa ne, ribar 500 ce kacal. Na uku shi ne babban adadin nan na ƙasan takarda, wato abin da ake cewa mutum zai iya ci, kuma a kansa ne idon yaro yake tsayawa. "Gem" kuwa a bakinsu na nufin wasa ɗaya da aka zaɓa, ko tikitin gaba ɗaya. Idan ka ji an ce "turo min kod" ko "bukin kod", ana nufin wasu 'yan haruffa da lambobi da ke ɗauke da dukan zaɓin da wani ya yi, waɗanda idan aka shigar da su a waya ko aka kai shago, tikitin zai fito sak yadda mai shi ya tsara. Ta wannan kod ɗin ne caca take yaɗuwa daga saurayi zuwa saurayi a WhatsApp, domin wanda bai san komai ba ma zai iya kwafar zaɓin abokinsa cikin minti ɗaya.

Sai alamomin da ke gefen kowane wasa. Lamba 1 na nufin ƙungiyar da ke gida, wato wadda aka fara rubutawa, za ta ci. Lamba 2 na nufin baƙuwa za ta ci, harafin X kuma canjaras. Idan ka ga 1X, ana nufin mai gida ya ci ko a tashi kunnen doki, X2 kuma baƙuwa ta ci ko kunnen doki, 12 kuma ɗaya daga cikinsu ta ci ko ma wacce ce. GG na nufin kowace ƙungiya za ta zura ƙwallo, NG kuma aƙalla ɗaya ba za ta zura ba. "Oba" da "anda" sun shafi jimillar ƙwallayen wasa: oba 2.5 sai an ci ƙwallo uku ko fiye, anda 2.5 kuma biyu ko ƙasa da haka. Dattijon maƙwabcina ya tambaye ni yadda za a yi a ci rabin ƙwallo, kuma tambayarsa tana kan hanya. An saka rabin ne don kada a samu tsaka-tsaki, dole mutum ya ci ko a cinye shi. Wannan oba ɗin ita ce amsar abin da ya sa yaro yake baƙin ciki alhali ƙungiyarsa ta yi nasara. "Handikaf" kuma shi ne a ba ƙaramar ƙungiya ƙwallo ɗaya ko biyu a takarda tun kafin a take wasa. Akwai sauran zaɓi da yawa, irin su sakamakon rabin lokaci, da ainihin adadin da za a tashi, da wanda zai fara zura ƙwallo, amma duk hanyarsu ɗaya ce.

Akwai wata ƙa'ida da yara da yawa ba sa sani sai ta cije su, wato 1 da X da 2 a kan minti 90 da ɗan lokacin da alƙali ya ƙara ake yanke su, ban da ƙarin minti 30 da bugun fenareti. A wasan ƙarshe na Gasar Kofin Duniya a Ƙatar, ranar 18 ga Disamba 2022, Ajantina ce ta ɗauki kofi a kan Faransa, amma an cika minti 90 ne ana biyu da biyu, aka kai uku da uku a ƙarin lokaci, sannan Ajantina ta yi nasara da huɗu da biyu a fenareti. Duk wanda ya zaɓi Ajantina ta ci a wannan layi, kuɗinsa sun tafi duk da cewa yana kallon Messi yana ɗaga kofi.

A nan ne nake roƙon mai karatu ya ɗauko biro da takarda, domin wannan lissafin shi ne zuciyar al'amarin, kuma bai fi ƙarfin wanda ya saba da lissafin kasuwa ba. Kowa ya san dillali a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis yana da la'adarsa, ko mai saye ya yi dace ko mai sayarwa ya yi. Kamfanin caca ma yana da la'ada, sai dai shi ba ya faɗa, ya cusa ta ne a cikin od. Ka ɗauka akwai zaɓi biyu masu ƙarfi ɗaya, kamar a jefa kwabo sama a ce kai ko wutsiya. Adalci shi ne a ba kowane ɓangare od 2.00, amma abin da za ka gani a allo shi ne kamar 1.90 da 1.90. Idan mutum ɗaya ya zuba 1,000 a nan, wani ya zuba 1,000 a can, kamfani ya karɓi 2,000, zai biya wanda ya ci 1,900, ya riƙe 100 ko ma yaya wasan ya ƙare. Bambancinsa da dillalin Maigatari shi ne a can akwai sa ko rago da ya sauya hannu, wani ya tafi gida da dabba, wani da kuɗi. A nan babu abin da aka noma, babu abin da aka kiwata, kuɗin samarin gari ne kawai suke zagayawa a tsakaninsu suna raguwa a kowane zagaye.

Kana iya fito da wannan la'adar fili a kowane wasa. Ka raba 100 da kowace od, sannan ka haɗa amsoshin. Misali, idan 1 tana da od 2.00, X tana da 3.30, 2 kuma tana da 3.60, amsoshin za su zama 50, da kusan 30, da kusan 28, jimilla 108. Da a ce babu la'ada, 100 cif za ka samu. Wannan rarar ta 8 tana nufin sama da naira 7 a cikin kowace 100 da jama'a suka zuba ta zama ta kamfani tun kafin a hura usur. Ka sa yaron ya buɗe wayarsa ya zaɓi duk wasan da ya ga dama ku gwada tare, zai ga da idonsa cewa jimillar kullum tana haura 100. Haka kuma amsar kowane rabawa tana nuna maka yadda kamfani yake ganin yiwuwar abin: od 2.00 kamar rabi da rabi ce, od 10.00 kuwa sau ɗaya cikin goma. Babbar od ba alheri ba ce, sanarwa ce cewa da wuya abin ya faru.

Yawancin yaranmu na karkara ba su da dubbai da za su zuba a wasa ɗaya, don haka abin da ya fi kama su shi ne "dogon tikiti", wato a haɗa wasanni da yawa a takarda ɗaya, a ninka od ɗinsu da juna, a zuba ɗari biyu ko ɗari uku. Sharaɗinsa shi ne dole kowane zaɓi ya tabbata, idan ɗaya ya saɓa duka sun rushe. Wasan da ya tabbata sai su ce "ya shigo" ko "ya yi kore", saboda alamar da manhaja take nunawa, wanda ya saɓa kuma "ya yi ja", tikitin kuma "ya yanke". Idan duka suka shigo za ka ji ana ihun "bum". Ga lissafinsa: wasanni goma, kowanne da od 1.50, idan aka ninka su za a samu kusan 57.67, wato naira 200 za ta iya zama kusan 11,500. Wace zuciyar saurayi ce ba za ta motsa ba? Amma ko da a ce kowane wasa yana da yiwuwar biyu cikin uku, yiwuwar duka goman su shigo tare kusan sau ɗaya ce cikin 58. Wanda ya zuba 200 sau 58 ya kashe 11,600, ka ga ko babu la'ada ma bai tsira da komai ba. Da la'ada kuwa abin ya fi muni, domin ita ma ninkuwa take yi: idan ana cire kashi 5 cikin 100 a kowane wasa, a tikitin wasa goma abin da aka zaftare ya kai kusan kashi 40. Shi ya sa kamfanoni suke ƙara garaɓasa ga wanda ya tsawaita tikitinsa. Ba tausayi ba ne, sun san inda ribarsu ta fi kauri.

Maganar da za ka fi ji daga bakin yaro ita ce, "Wallahi Baba, wasa ɗaya ne kawai ya yanke min." Yana faɗin haka ne da imanin cewa ya kusa, gobe zai dace. Wannan jumla ta fi kowacce haɗari, kuma lissafi yana da amsarta. A wancan tikitin na wasa goma, yiwuwar tara su shigo ɗaya ya yanke ta ninka yiwuwar duka su shigo har sau biyar. Ma'ana, saura ƙiris ɗin nan da yake ɗauka alama ce ta ƙwarewarsa, ɗabi'ar tikitin ce, haka aka gina shi, kuma ita ce igiyar da take dawo da shi washegari. Wasu kamfanonin ma sun fito da tsarin da suke biyan wani abu idan wasa ɗaya ne ya yanke, amma sai sun rage abin da za a biya tukuna.

Sai "banka", wato wasan da suke ganin ba makawa zai shigo, irin a ce babbar ƙungiya za ta kara da ƙarama. Ka tuna wa yaron ranar 22 ga Nuwamba 2022, lokacin da Saudiyya ta doke Ajantina da ci biyu da ɗaya a wasansu na farko a Ƙatar, bayan Ajantina ce ma ta fara zura ƙwallo. Duk wanda ya je gidan kallo a ranar bai manta ba. Ka tuna masa Leicester City, wadda kamfanonin cacar Ingila suka ba 5,000 a kan 1, wato od ta kusan 5,000, a farkon kakar 2015 zuwa 2016, amma ta lashe Firimiya, kafin Ahmed Musa, wanda ya taɓa buga wa Kano Pillars, ya koma can a bazarar 2016. Idan masu kwamfutoci da ma'aikata da tarihin kowane wasa sun yi kuskure haka, kuma ba su karye ba saboda la'adarsu tana kare su, me zai kare ɗan acaɓan da ya zuba cinikin yininsa?

"Kash awut" shi ne kamfani ya yi wa mutum tayin wani adadi ya karɓa ya janye kafin wasanninsa su ƙare. Ana nuna shi kamar ƙofar tsira, amma tayin yana ƙasa da ainihin darajar tikitin a wannan lokaci, wato an sake cire la'ada karo na biyu. "Layif" kuma ita ce caca ana tsaka da wasa, od tana hawa tana sauka kowane minti. Idan ka ga yaro a gidan kallo idonsa ya fi zama a kan waya fiye da talabijin, galibi nan yake.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne "bacuwal". Waɗannan ba wasanni ba ne na gaske. Hotunan 'yan wasa ne na kwamfuta, inji ne yake fitar da sakamako, kowane zagaye yana ƙarewa cikin 'yan mintoci, kuma babu dare babu rana, babu hutun kaka. Ɗan uwansa shi ne wasan Aviator, wanda wasu ke kira jirgi, inda ƙaramin jirgi yake tashi lamba tana ƙaruwa, mutum ya yi ƙoƙarin janye kuɗinsa kafin jirgin ya ɓace. A nan sanin ƙwallo ba shi da wani amfani ko kaɗan, kuma duk mai cewa ya gano "fatan", wato tsarin da sakamakon yake bi, yaudarar kansa yake yi. Wanda ke jiran wasan Asabar yana yin asara sau ɗaya ko biyu a mako, amma mai bacuwal zai iya ƙarar da kuɗin buhun shinkafa tsakanin azahar da magariba. Idan ka ji wannan kalma a gidanka, kada ka jira.

Akwai kuma masu ci da gumin 'yan cacar su kansu. Su ne masu tallar "shuwa od", wato od tabbatacciya, da "fiks", wato wasan da wai an riga an saye sakamakonsa, da zaurukan "VIP" a Telegram da WhatsApp da Facebook inda sai an biya kuɗin shiga. Dabararsu tsohuwa ce. Mutum zai tara lambobin waya 900, ya aika wa 300 cewa 1 ce za ta shigo, 300 kuma X, 300 kuma 2. Ko yaya wasan ya tashi, mutum 300 sun ga ya faɗi daidai. Sai ya sake raba waɗannan gida uku a wasa na gaba, ya rage da mutum 100 da suka ga ya dace sau biyu a jere, kuma su ne zai ce su turo kuɗi kafin ya ba su na uku. Hotunan tikitin nasara da suke yaɗawa kuwa ba su da wuyar haɗawa a waya. Tambaya ɗaya ta isa a yi wa yaro: wanda ya san sakamakon gobe tabbas, me zai yi da naira dubu biyunka? "Rol oba" ma daga irin waɗannan zaurukan take fitowa, wato a zuba 1,000 a kan od 2.00, idan ta shigo a mayar da duka gobe, har kwana goma, wai ta zama naira 1,024,000. Adadin daidai ne, amma yiwuwar isa can sau ɗaya ce cikin 1,024 ko da babu la'ada, kuma faɗuwa ɗaya tana shafe duk abin da aka tara. "Bonas" da ake ba sabon shiga ma ba irin gyaran da mai awo yake ƙara maka a kwano ba ne, domin ba a barin mutum ya cire shi sai ya sake zuba shi a caca bisa sharuɗɗan da kamfani ya gindaya.

Kalmar da za ta nuna maka ciwon ya yi nisa ita ce "rikoba", ko a ce "bari in fanshe". A nan yaro ya daina neman riba, yana bin asararsa ne, yana ƙara sitek don ya mayar da abin da ya tafi. Daga nan ne ake fara taɓa kuɗin aike, da kuɗin balas na mai babur, da zubin adashen uwa, da bashin mai POS, da manhajojin rance na waya, sannan a fara jin kwanon riɗi ko na gyaɗa yana raguwa a rumbu. Wasu har sukan kare kansu da cewa mai nema yana tare da samu, alhali nema a wannan karin magana noma ne da fatauci da sana'a.

Kada uba ya sakankance cewa tunda babu shagon caca a ƙauyensu an tsira. Kano da Jigawa suna cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma caca laifi ce a ƙarƙashinta. A 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama, kuma a watan Nuwamba na 2024 ɗin Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi sai a Abuja, wato kowace jiha ita ke da iko da wannan harka a cikinta. Amma Hisba tana iya garƙame ƙofar shago, ba ta iya garƙame wayar da ke ƙarƙashin matashin kai. Sunaye irin su Bet9ja, SportyBet, BetKing da 1xBet su ne za ka iya gani a fuskar waya ko a saƙon cire kuɗi na banki. Kamfanonin suna rubuta cewa sai ɗan shekara 18, don haka ƙananan yara sukan yi rajista da lambar wa ko ta uwa. Yana da kyau iyaye mata su riƙa sa a duba musu saƙonnin asusunsu, musamman waɗanda suke ba yara waya su yi musu tura kuɗi.

Idan ka tabbatar, ka zaɓi lokaci da wuri. Kada ka yi masa magana a gaban ƙannensa, ko a majalisa, ko a daren da tikitinsa ya yanke yana cikin zafin rai. Ka kira shi gona ko ɗaki ku biyu, ka nuna masa ka san kalmomin, domin da zarar ya ji "sitek" da "oba" a bakinka zai san babu sauran ɓoyo. Da maƙwabcina ya zauna da ɗansa, abin da ya ce masa shi ne, "Ɗana, ba duka na kira ka ba, lissafi za mu yi." Wannan ita ce hanyar da nake ba da shawara. Kowace manhaja tana ajiye tarihin abin da aka zuba da abin da aka cire, haka ma asusun banki ko na OPay da makamantansu. Ku rubuta layi biyu a takarda, na shiga da na fita, na wata uku ko shida, ka bar shi ya haɗa jimillar da hannunsa. Mai caca yana tuna ranar da ya ci dubu goma har da rigar da ya saka, amma ɗari biyu-biyun da suka zube kullum ba ya riƙe su. Yaron maƙwabcina da ya gama haɗawa ya ga abin da ya tafi ya kai kuɗin buhun taki biyu, sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai, kuma wannan shirun ya fi duk faɗan da za a yi masa aiki.

Bayan haka sai a tambaye shi bashin da ke kansa, duka, ba tare da tsawa ba, domin bashin da aka ɓoye shi ne yake mayar da mutum rikoba. A tsara yadda zai biya da guminsa, ko daga gayaunarsa ko daga aikin noman rani, kada a biya masa gaba ɗaya a rana ɗaya. A rufe asusun cacar kafin a goge manhajar, domin gogewa kawai ba ta hana a sake saukewa cikin minti biyu, kuma yawancin manhajojin suna da wurin da mutum zai dakatar da kansa ko ya nemi a rufe. A fita daga zaurukan hasashe, a toshe lambobin da ke turo tallar garaɓasa, waɗanda za su ci gaba da zuwa har bayan an daina. Na ɗan wani lokaci, katin banki da kuɗin amfanin gona su koma hannun wani babba a gidan da yaron ya yarda da shi. Ni ban ga dalilin raba shi da ƙwallo baki ɗaya ba. Ya je gidan kallo tare da wansa ya bar wayar a gida, ya kuma koma filin makaranta da yamma ya buga da ƙafarsa.

Idan kuwa an yi duk wannan yana komawa, ko ya daina barci, ko ya fara sata, ko ka ji yana cewa rayuwa ta ishe shi, to abin ya wuce nasiha kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtukan da ake yi wa magani, a rukuni ɗaya da sauran abubuwan da ke kama mutum ya kasa bari. A haɗa da addu'a da limamin gari, amma a kai shi ya ga likita. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau da kuma a Kazaure, akwai sashen da ke kula da wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya rubuta takardar turawa. Wanda zai raka shi ya tafi da takardar lissafin nan mai layi biyu, domin likita zai tambayi tun yaushe aka fara da kuma nawa ake zubawa a mako.